Ƙera Hoton Taurari da Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Sakkwato

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban fiziks, lissafi da kimiyyar kwamfuta suka fi yi idan aka ce musu mutum zai iya zama a ɗakinsa a Dundaye ko Mabera ya samar da hoton da na'urar hangen nesa, wato teliskof, za ta ɗauko daga sama, alhali bai taɓa riƙe na'urar ba. An yi amsoshin da harshen Python a zuciya, domin shi ne yawancin masana sararin samaniya ke aiki da shi yanzu.

Me ake nufi da ƙera hoton tauraro? Zane ne?

Ba zane ba ne. Hoton da kyamarar teliskof ke fitarwa jadawalin lambobi ne, layi-layi. Kowane gida a jadawalin fiksel ne, lambar da ke ciki kuma tana nuna yawan hasken da ya faɗa wurin. Ƙera hoto shi ne ka cika jadawalin da kanka ta hanyar lissafa abin da zai faru da hasken tauraro tun daga shigowarsa iskar duniya, da bi ta cikin gilashi ko madubi, har ya sauka a kan kyamara. In ka bi matakan daidai, ko gwani zai sha wuya kafin ya bambanta hotonka da na gaske.

To, mene ne amfanin hoton da ba na gaske ba?

Amfaninsa shi ne ka san amsa tun kafin ka yi tambaya. Wanda ya ɗauko hoton sama na gaske, ya auna hasken wani tauraro da manhajarsa, ba shi da hanyar sanin ko awon ya yi daidai, tunda tauraron ba zai buɗe baki ya gaya masa ba. Kai kuwa da ka dasa tauraron da hannunka ka san inda ka ajiye shi da yawan hasken da ka ba shi. In manhajar awo ta dawo maka da wata lamba daban, ka kama ta.

Manyan ayyuka duk haka suke yi. An harba teliskof ɗin Hubble zuwa sararin samaniya a watan Afirilun 1990, sai hotunansa suka fito da wani hazo kewaye da kowane tauraro. Masana suka riƙa ƙera hotunan taurari a kwamfuta da nau'in lahani daban-daban suna gwadawa da na gaske, wanda hakan ya taimaka wajen tabbatar da cewa gefen babban madubin, mai faɗin mita 2.4, ya kauce wa siffar da ake so da kusan maikiromita 2. Da wannan sanin aka haɗa kayan gyaran da 'yan sama-jannati suka je suka sa a Disambar 1993. Haka nan masu ƙera tauraron ɗan'adam: akwai wata ƙaramar kyamara da ke kallon taurari don na'urar ta san inda ta fuskanta, kuma da ƙerarrun hotuna ake jarraba manhajarta a ƙasa, domin in ta tashi babu mai binta da sukudireba.

Me ya sa tauraro ke fitowa kamar ƙwallo a hoto, ba ɗigo ba?

Wannan ita ce tambayar da duk aikin ya rataya a kanta, don haka a yi haƙuri da tsawon amsar.

Da farko sai an san ma'aunin. Digiri ɗaya na kusurwa ana raba shi gida 3,600, kowane gida sunansa sakan na kusurwa. Cikakken wata yana da faɗin kusan sakan 1,800. Tauraron Betelgeuse, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi faɗi a ganinmu, Michelson da Pease sun auna shi a 1920 suka samu 0.047 na sakan ɗaya. Sauran taurari kusan duk sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda haka ga kowane teliskof da ɗalibi zai taɓa, tauraro ɗigo ne marar faɗi. Ƙwallon da kake gani a hoto ba jikin tauraron ba ne, aikin na'urar ne da na iska.

Haske yana tafiya ne a matsayin igiya, kuma duk igiyar da ta bi ta ƙofa mai iyaka sai ta ɗan bazu. Bakin teliskof ƙofa ce mai da'ira. George Airy ya lissafa abin da ke fitowa a 1835: dunƙulen haske a tsakiya, wanda ke ɗauke da kusan kashi 84 cikin 100 na hasken, sai zobba masu dusashewa a kewaye. Zoben farko bai kai kashi 2 cikin 100 na ƙarfin tsakiyar ba. Nisan da ke tsakanin tsakiya da duhun farko ana samunsa ne in ka ninka tsawon zangon hasken da 1.22, ka raba da faɗin bakin na'urar. Ɗauki koren haske mai zango nanomita 550 da teliskof mai baki santimita 20. Lissafin zai ba ka wata 'yar lamba a ma'aunin radiyan, ka ninka ta da 206,265 ka samu sakan 0.69. In bakin santimita 10 ne, sai ya zama 1.38. Babban baki, ƙaramin ɗigo.

Wannan siffar da na'ura ke mayar da ɗigon haske, masana na taƙaita sunanta da PSF. Ka ɗauke ta kamar hatimin ofis: hatimi ɗaya ne ake bugawa a gurbin kowane tauraro, abin da ya bambanta kawai shi ne yawan tawada. Duk wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki.

In siffar ɗaya ce, don me manyan taurari suka fi faɗi a hoto?

Domin gefen siffar ba ya ƙarewa, raguwa yake yi a hankali. Na tauraro mai rauni gefen yana nutsewa cikin hasken bayan fage, tsakiyar kawai ake gani. Na mai ƙarfi kuwa gefen yana tsayawa a sama har nesa. Ƙari a kan haka, fiksel yana da iyakar abin da zai ɗauka. Kyamara mai bit 16 ba ta ƙirga abin da ya wuce 65,535, sai tsakiyar ta zama fili fari fat. Kada ka faɗaɗa siffar da hannu don tauraro ya yi girma. Ƙara masa haske, faɗin zai zo da kansa.

Malam, ni sabuwa ce a Python. Daga ina zan fara?

Ki fara da tauraro ɗaya tak, ki ba shi siffar Gauss, wato wannan tudun mai kama da ƙararrawa da ake koyarwa a darasin ƙididdiga. Layi shida sun isa:

```
import numpy as np
y, x = np.mgrid[0:200, 0:200]
sigma = 1.7
siffa = np.exp(-((x-100.3)**2 + (y-87.6)**2) / (2*sigma**2))
tauraro = 50000 * siffa / siffa.sum()
hoto = np.random.poisson(tauraro + 200)
```

Layi na biyu ya shimfiɗa fili mai fiksel 200 a tsaye da 200 a kwance. Tauraron yana zaune a 100.3 da 87.6, kuma da gangan aka sa ɓarin lamba, saboda taurarin gaske ba sa zaɓar tsakiyar fiksel su zauna. Faɗin tudun a rabin tsayinsa shi ne sigma sau 2.355, wato kusan fiksel 4 a nan. A layi na biyar aka raba siffar da jimillarta don ta koma 1, sannan aka ninka da 50,000, adadin ƙwayoyin hasken da muka ba tauraron. Fiksel ɗin da ya fi haske zai samu wajen 2,600 daga ciki. Lamba 200 ɗin hasken sama ne da ke kan kowane fiksel. Layin ƙarshe shi ne ke sa hoton ya yi yashi-yashi, za mu zo kansa.

Ki nuna shi da matplotlib, kayan aikin Python na zana hoto, sannan ki riƙa sauya lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ki mayar da 50,000 zuwa 500 ki ga yadda tauraron ke neman ɓacewa. Wannan wasan ya fi karatun shafi ashirin koyar da mutum.

Siffar Gauss ta wadatar?

Ta koyo ce. Gefenta yana mutuwa da wuri fiye da na taurarin gaske. A 1969 Anthony Moffat ya kawo wata siffa mai dogon gefe wadda ta fi dacewa da hotunan da ake ɗauka daga doron ƙasa, kuma tana nan a shirye cikin astropy, kayan aikin Python na masana sararin samaniya, tare da ta Gauss da ta Airy.

Yaya ake samar da zobban Airy da waɗannan tsinkayen haske da ke fita daga taurari?

Akwai hanya mai daɗi wadda ba ta buƙatar haddace wata doguwar ƙa'ida. Siffar tauraro tana fitowa ne daga sauyin Fourier na bakin na'urar, wato lissafin da ke warware siffa zuwa igiyoyin da suka haɗa ta. A aikace: ka shimfiɗa jadawali mai 1,024 sau 1,024 cike da sifiri, ka zana da'ira mai faɗin fiksel 256 a tsakiya ka cika ta da 1. Wannan shi ne bakin teliskof, inda haske ke wucewa. Ka miƙa shi ga fft2 na numpy, ka dawo da tsakiyar wurinta da fftshift, ka ɗauki girman kowace lamba ka ninka shi da kansa. Abin da zai fito shi ne dunƙulen Airy da zobbansa, duhun farko yana kusan fiksel 5 daga tsakiya. Filin sifirin da ka bari a kewaye ba asara ba ne, shi ke ba ka isassun fiksel don ganin zobban. In ka cika jadawalin da da'irar baki da baki, duk tauraron zai matse a fiksel ɗaya ko biyu.

Da yawa kan tsaya a nan su ce ba su ga zobe ba. Yana nan, rauninsa ne ya ɓoye shi. Nuna logaridim na hoton, za su fito.

Daga nan sai ka fara ɓata da'irar. Sa baƙin tabo a tsakiya a madadin ƙaramin madubi na biyu, za ka ga haske ya ragu a dunƙulen ya ƙaru a zobba. Ja siraran layuka biyu masu gicciye a madadin ƙarafan da ke riƙe da madubin, sai tsinkaye huɗu su fito, irin na hotunan Hubble. Ƙarafa uku suna ba da tsinke shida. Teliskof ɗin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, madubinsa mai faɗin mita 6.5 an haɗa shi ne da ɓangarori 18 masu kusurwa shida-shida, shi ya sa taurarinsa ke da manyan tsinkaye shida, da wasu ƙanana biyu a kwance daga ɗaya daga cikin ƙarafan. Wanda ya san wannan, kallo ɗaya zai yi wa hoto ya faɗi na'urar da ta ɗauke shi.

Lahanin gilashi ma ta nan ake shigar da shi. A maimakon 1 zalla, sai kowane wuri a da'irar ya ɗauki ɗan jinkirin igiyar haske. Akwai jerin ƙa'idoji da Frits Zernike ya fitar a 1934, kowace na wakiltar nau'in lahani guda: rashin saiti, siffar wutsiya, da irin wanda ya sami Hubble.

Ina labarin iska? Taurari ai ƙyaftawa suke yi.

Ga mai kallo daga ƙasa iska ce ke da ta cewa. Iska mai zafi da mai sanyi ba sa lanƙwasa haske daidai da juna, kuma kullum cakuɗa suke yi. Duk wanda ya hangi kwalta tana rawa da tsakar rana a hanyar Illela ya ga abin da idonsa. Ƙa'idar wannan cakuɗar ta samo asali daga aikin Kolmogorov na 1941, sannan David Fried a shekarun 1960 ya taƙaita ta a lamba ɗaya da ake kira r0: faɗin yankin da igiyar haske ke isowa ba ta lalace sosai ba. A wurare masu kyau na kan duwatsu yakan kai santimita 10 zuwa 20. In r0 santimita 5 ne, tauraro zai bazu zuwa kusan sakan 2, ko da na'urarka ta isa ta ba da 0.69. Ƙara girman madubi a nan zai ƙaro haske ne kawai, ba zai ƙara kaifi ba.

Hanya mai sauƙi ita ce ka zaɓi siffar Moffat mai faɗin sakan 2 ko 3 ka wuce. Hanya ta gaske kuma ita ce ka ƙera taswirar jinkirin igiya mai bin ƙa'idar Kolmogorov, ka ɗora a kan da'irar, ka yi sauyin Fourier. Taswira ɗaya tana ba da hoton ɗan ƙanƙanin lokaci, kamar kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa, inda tauraron ke tarwatsewa zuwa ɗige-ɗige. In ka tara ɗaruruwansu sai su narke su zama dunƙule mai santsi, irin na doguwar ɗauka.

Ƙurar hunturu fa? Ita ma faɗaɗa tauraro take yi?

A'a, kuma nan ne ɗalibanmu suka fi cakuɗa abubuwa biyu. Motsin iska shi ke faɗaɗa tauraro. Ƙura rage masa haske take yi, ta watsa wani sashe zuwa gefe, ta kuma mayar da hasken fitilun gari ya cika sama. Ana iya samun dare mai hazo wanda taurarinsa suka dusashe amma suna tsaye cak, a kuma samu dare garau bayan ruwa wanda taurarin ke rawa kamar me. A manhaja wurare daban suke shiga: ƙura tana rage waccan 50,000 ta ƙara waccan 200, motsin iska kuma sigma yake taɓawa.

Ragin yana ƙaruwa da kaurin iskar da hasken ya ratso. A tsakar ka kaurin 1 ne, a digiri 30 sama da gefen sama ya zama 2. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa, Polaris, yana tsaye ne kusan digiri 13 kawai, kuma haskensa na ratsa iska fiye da ninki huɗu. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu yakan yi wuyar gani ko da sama ta yi kamar ta washe. Kaza da 'Ya'yanta kuwa tana hawa har kusan digiri 79 a nan, ƙurar ba ta cin ta sosai.

Ta yaya zan san ƙwayoyin haske nawa zan ba kowane tauraro?

Ana jera taurari a matakan haske, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi. Norman Pogson ya daidaita shi a 1856, ya sa tazarar mataki 5 ta zama ninki 100, wato kowane mataki ninki 2.512. Vega tana kusa da mataki 0, Sirius tana kan -1.46, ido kuma yana tsayawa wajen mataki 6 a wuri mai duhu.

Ƙiyasin da ake riƙewa a ka shi ne: tauraro mai mataki 0 yana aiko da kusan ƙwayar haske miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa kan kowane murabba'in santimita, a yankin koren haske. Baki mai santimita 20 yana da fili kusan 314, a cire inuwar ƙaramin madubi a ce 300. Ka samu miliyan 300. Tauraro mai mataki 10 ya fi rauni sau 10,000, saura 30,000. In rabi ya salwanta a iska da gilashi da kyamara, saura 15,000 a daƙiƙa. Mai mataki 15 zai ba ka 150 kacal. Sai ka ninka da tsawon lokacin ɗauka.

Don me zan ɓata hotona da yashi-yashi da gangan?

Domin hoton da ba shi da shi ƙarya ce tsagwaronta, kuma duk manhajar da ka jarraba a kansa za ta ci jarrabawar da ba ta cancanta ba. Ƙwayoyin haske ba sa zuwa a jere, zuwansu na bin rabon Poisson ne. In kana sa ran 100, za ka riƙa samun sama ko ƙasa da haka da kusan 10. In 10,000 ne, saɓanin kusan 100 ne. Na farko kashi 10 cikin 100 ke nan, na biyu kashi 1. Wannan daga hasken kansa yake, babu kuɗin da zai saya maka kyamarar da ta tsira daga gare shi.

Ita ma kyamarar tana ƙara nata. Akwai saɓanin da ke shiga duk lokacin da aka karanta fiksel. Akwai kuma cajin da zafi ke haifarwa ko a cikin duhu, wanda ke ninkawa duk ƙarin digiri 6 ko 7. Wannan ya shafe mu ƙwarai: daren bazara da ya fi daren hunturu zafi da digiri 12 zai ninka shi kusan sau huɗu, kuma kowa ya san abin da Afirilu ke yi a garin nan. Sai fiksel masu ciwo da ke haske kullum, da duhun da ke kama kusurwoyin hoto, da inuwar ƙurar da ta zauna a kan gilashi, mai fitowa kamar zobe.

Tsarin jerawa yana da muhimmanci. A dasa taurari, a shafa musu siffa, a ƙara hasken sama da cajin zafi, sannan a yi Poisson, a ƙarshe a sa saɓanin karatu. Wanda ya sa yashin kafin ya shafa siffa zai ga hoton ya yi sumul yana sheƙi, amma lissafin ya lalace.

Ina zan samu wuraren taurarin gaske?

Daga kundin Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai. An harba na'urar a Disambar 2013, kuma fitowar bayananta ta uku a Yunin 2022 tana ɗauke da taurari kusan biliyan 1.8. Kyauta ne, kuma ba sai ka sauke duka ba. Da astroquery, kayan aikin Python na jawo bayanai daga irin waɗannan kundaye, za ka nemi ɗan yankin da kake so kawai, data kaɗan zai ci. In taurarin da ido ke gani kake so, kundin Yale mai kusan 9,100 ya ishe ka.

Bayan haka sai mayar da wurin tauraro a sama zuwa fiksel. Ninka girman fiksel a maikiromita da 206.265, ka raba da tsawon fokas, wato nisan da gilashi ko madubi ke tattara haske, a milimita. Fiksel mai 3.76 a kan na'ura mai fokas 1,000 yana ganin sakan 0.78. Fiksel 3,000 a jere za su ɗauki fili da ya ɗan fi faɗin wata, ma'ana Kaza da 'Ya'yanta ba za ta shiga gaba ɗaya ba. Gara ka gano haka a kwamfuta kafin ka kashe kuɗi. Sashen wcs na astropy yana yin lissafin shimfiɗa sama mai lanƙwasa a kan fili. In kuma na'urar ba ta da injin bin taurari, sama na juyawa sakan 15 na kusurwa a kowace daƙiƙa a tsakiyarta, wato kusan fiksel 19 a misalinmu. Taurarinka za su zama layuka.

Manhajar Stellarium ba ta riga ta yi duk wannan ba?

Stellarium tana nuna maka inda tauraro yake a kowane lokaci, kuma ta iya aikinta. Amma don ido take zana taurarinta, ba don awo ba. Masu yin irin aikin da muke magana su ne GalSim, SkyMaker, POPPY, da Tiny Tim da John Krist ya rubuta don Hubble. Shawarata ita ce kada ka taɓa su sai ka rubuta naka ƙarami ya yi aiki. In ba haka ba za ka riƙa cika gurabe da lambobin da ba ka san ma'anarsu ba.

Kwamfutata tsohuwa ce, wuta kuma sai a hankali.

Jadawali mai 1,024 sau 1,024 megabait 8 ne kawai, kuma sauyin Fourier ɗinsa bai kai daƙiƙa ba a tsohuwar laftof. In an sauke numpy, scipy, astropy da matplotlib sau ɗaya, ba a buƙatar intanet. Mai waya kaɗai zai iya buɗe Google Colab, shafin intanet da ake gudanar da Python a kansa. In aikin mai tsawo ne, kamar tara taswirorin iska dubu, ka sa manhajar ta riƙa adana abin da ta samu lokaci-lokaci, don kada ɗaukewar wuta ta mayar da kai farko.

Wannan bai shiga duba da taurari ba?

Bai shiga ba. Babu maganar rabo, ko aure, ko abin da zai faru gobe. Awon haske ne da kusurwa, daga gidan ilimin da ake lissafa lokutan salla da alƙibla da shi.

Za a iya ƙera hoton jinjirin wata a san ko za a gan shi?

Za a iya ƙera hoton. Wata ba ɗigo ba ne, don haka sai ka zana siririn lauje, ka shafa masa siffar na'urar a ko'ina, ka ɗora shi a kan hasken almuru. Wahalar tana wajen hasken almurun da ƙurar gefen sama, waɗanda ke sauyawa daga yamma zuwa yamma. Irin wannan lissafi zai taimaka wa mai duba ya san inda zai kalla da irin siririn abin da zai nema. André Danjon ya lura tun a shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai kusan digiri 7 ba, ido ba ya ganin jinjirin. Amma hoton kwamfuta ba shaida ba ne. Tabbatar da gani da sanar da shi yana hannun kwamitin ganin wata da Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Yaya zan tabbatar abin da na ƙera daidai ne?

Ka auna shi kamar ba kai ka yi ba. Cire hasken bayan fage, ka tara abin da ke cikin da'ira kewaye da tauraron, ka gani ko 50,000 ɗinka ta dawo. Nemi tsakiyarsa da photutils, kayan aikin Python na awon taurari a hoto. A misalin da ke sama ya kamata ka samu 100.3 da 87.6 da kuskuren da bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 100 na fiksel ba, duk da cewa tauraron ya bazu a fiksel huɗu. In ka ga kuskuren daidai rabin fiksel ne ko fiksel ɗaya cur, ba fiziks ba ne, ƙirga ce: numpy na farawa daga 0, tsarin FITS kuma, wanda masana sararin samaniya ke adana hotuna da shi, daga 1. Haka kuma numpy na sa layi kafin ginshiƙi, wato y kafin x, kuma wannan kaɗai ya isa ya juyar da sama gaba ɗaya. Adana aikinka a FITS. JPEG yana matse lambobin ya zubar da abin da kake son aunawa.

Wane aikin kammala digiri za a iya fitarwa daga nan?

Wanda na fi so a ga wani ya yi shi ne na ƙura. A ɗora waya ko kyamara a kan abin da ba ya motsi a wajen gari, can bayan Kwalkwalawa ko ta hanyar Wamakko inda fitilu suka yi sauƙi, a ɗauki Kaza da 'Ya'yanta a sa'a ɗaya da saiti ɗaya, a darare masu hazo da marasa hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A ajiye hotunan a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi, in na'urar ta yarda. Sannan a ƙera wannan yankin daga kundin Gaia, a riƙa ƙara ragin haske har yawan taurarin da manhaja ke ganowa a ƙerarren hoto ya zo daidai da na gaske. Lambar da aka tsaya a kai ita ce ƙiyasin abin da ƙurar daren ta ci. Kowane dare a rubuta sa'a, da tsawon ɗauka, da tsayin taurarin sama da gefen sama, da ko akwai farin wata, domin in babu waɗannan ba za a iya gwada dare da dare ba.